Me ya sa makaho ba ya iya cike fom ɗin gwamnati a intanet da kansa?

Idan wata hukumar gwamnati ta ba da sanarwar cewa daga yau ta daina karɓar takardun neman aiki a hannu, kowa ya shiga shafinta na intanet ya cike fom, shin makaho da kurma da wanda hannunsa ya shanye suna cikin waɗanda aka kira? A rubuce suna ciki, domin sanarwar ba ta cire kowa ba. A aikace kuwa amsar ta rataya ne a kan yadda aka gina shafin, kuma wannan ne batun da ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman suke ta ɗagowa tun da hidimomin gwamnatin Najeriya suka fara ƙaura zuwa intanet. Neman fasfo, rajistar kamfani a hukumar CAC, duba gurbin karatu a shafin JAMB, neman bashin karatu na NELFUND wanda aka buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, da ɗaukar ma'aikata a hukumomin tsaro, duka ta intanet ake fara su yanzu, wasunsu ma ba su da wata hanyar ban da ita.

Mutane da yawa idan suka ji wannan magana sai su yi mamaki, su ce ina makaho ina intanet tun farko. Wasu kuma su ɗauka ana roƙon gwamnati ne ta yi wata alfarma mai tsada saboda wasu 'yan tsiraru. Duka fahimtar biyu ba daidai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3 ne, wato kusan kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suke rayuwa da naƙasa mai tasiri, kuma da yawa daga cikinsu suna riƙe da irin wayar da kowa yake riƙe da ita, suna tura saƙo, suna tura kuɗi, suna karatu. Abin da yake tsayar da su a ƙofar shafin gwamnati yawanci sakaci ne na ƙananan abubuwa da maginin shafin bai yi tunaninsu ba.

Yadda makaho yake karanta shafin intanet

Makaho yana amfani da manhaja da take karanta masa abin da ke kan allo da murya. A wayoyin Android, irin su Tecno da Infinix da itel da suka cika kasuwanninmu, sunan manhajar TalkBack, a wayar iPhone kuma VoiceOver. A kwamfuta akwai JAWS, wadda ake saye, da NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan ƙasar Ostareliya suka fara ƙerawa a 2006 suka kuma bar ta kyauta ga kowa. Mai amfani da irin wannan manhaja yana zazzaga yatsa a kan allon waya ko ya danna madannan kwamfuta, ita kuma tana faɗa masa inda yake: wannan kanun magana ne, wannan gurbin rubuta suna ne, wannan maɓallin aikawa ne. Wanda ya saba da ita yakan ƙara mata sauri har mai gani ya kasa gane abin da take faɗa.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne manhajar ba ta kallon shafin yadda ido yake kallonsa. Kowane shafi yana da fuskar da ake gani, sannan a ƙarƙashinta akwai umarnin da maginin shafin ya rubuta wa kwamfuta, kuma wannan umarnin manhajar take bi. Idan magini ya sa hoto bai rubuta gajeren bayanin abin da hoton ya ƙunsa ba, sai manhajar ta ce “hoto” kawai, ko ta karanto wasu haruffa da lambobi marasa ma'ana. Idan ya zana maɓalli da alamar kibiya bai ba shi suna ba, sai ta ce “maɓalli”, mai saurare bai san ko na ci gaba ne ko na goge duk abin da ya rubuta ba. Idan ya jera gurabe goma sha biyu a fom bai haɗa kowane gurbi da sunansa ba, makaho zai ji “gurbin rubutu” sau goma sha biyu, bai san inda zai sa ranar haihuwa da inda zai sa lambar NIN ba.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a ofisoshinmu wadda ta fi duk waɗannan cutarwa. A buga sanarwa a takarda, mai gida ya sa hannu, a buga hatimi, sannan a ɗauki hotonta a ɗora a shafi ko a Facebook. Ga mai gani wannan sanarwa ce cikakkiya. Ga manhajar karanta allo kuwa hoto ne babu harafi ko ɗaya a cikinsa. Haka ake yi da jerin sunayen waɗanda aka zaɓa a kira su tantancewa, da jadawalin jarrabawa, da sharuɗɗan neman tallafi. Mutum zai iya rasa aikin da ya riga ya cancanta saboda sunansa yana cikin hoton da ba zai iya karantawa ba. Wayoyin zamani suna iya ƙoƙarin tsinto rubutu daga hoto, amma suna yawan kuskure a kan takardar da ta karkace ko ta dusashe, kuma kuskuren lamba ɗaya a kwanan wata ya isa ya sa mutum ya je washegarin ranar da aka kira shi.

Sai kuma gwajin nan da ake kira CAPTCHA, inda za a nuna karkatattun haruffa ko a ce a zaɓi hotunan da ke ɗauke da mota domin a tabbatar mutum ne ba na'ura ba. Sau da yawa a ƙarshen fom yake zuwa. Makaho ya sha wahala ya cike komai, sai ya iske tambayar da ba a amsa ta sai da ido, kuma ba a tanadi wata hanyar ba.

Sauran waɗanda abin yake shafa

Ana yawan taƙaita maganar a kan makafi, alhali masu raunin gani sun fi waɗanda ba sa gani sam yawa. Dattijon da yanar ido ta fara rufe masa gani, mai hawan jinin ido, mai ciwon sukari da ya taɓa masa ido, da zabiya wanda hasken allo yake damunsa, duka suna buƙatar rubutu mai kauri da za su iya ƙara wa girma ba tare da shafin ya wargaje ba. Rubutu mai launin toka a kan farin bango, ko ruwan ɗorawa a kan kore, yana burge mai zane amma yana ɓacewa a idonsu. Wanda ba ya bambance ja da kore kuma, idan fom ya nuna masa kuskurensa da jan layi kawai ba tare da rubutaccen bayani ba, ba zai san abin da ya hana fom ɗin tafiya ba.

Masu lalurar hannu matsalarsu daban ce. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, wanda kuturta ta cinye masa yatsu, da wanda hannunsa yake rawa, ba sa iya riƙe linzamin kwamfuta (mouse) su saita shi a kan ɗan ƙaramin maɓalli. Da madannai suke tafiya daga gurbi zuwa gurbi. Shafin da jerin zaɓinsa ba ya buɗewa sai an ɗora masa linzami ya rufe musu hanya ke nan. Ƙayyade lokaci ma yana cutar da su ƙwarai: fom ɗin da yake rufe kansa bayan 'yan mintuna ya goge abin da aka rubuta, ko lambar tantancewa da ake turowa ta waya wadda take mutuwa kafin mai rubutu da yatsa ɗaya ya gama kwafe ta.

Kurame, waɗanda sanƙarau da ƙyanda suka ƙara yawansu a yankinmu, suna rasa duk bayanin da aka yi a bidiyo idan babu rubutu a ƙasansa ko mai fassara da hannu. Idan kuma shafi ya ce mai matsala ya kira wannan lamba, bai ba da hanyar tura rubutaccen saƙo ba, to ya cire kurma daga masu ikon yin ƙorafi. Akwai kuma masu farfaɗiya, waɗanda hoto mai walƙiya da sauri zai iya tayar musu da ciwo, da masu wahalar fahimtar dogon bayani mai sarƙaƙiya.

Ma'aunin da ake gwada shafi da shi

Wannan fanni yana da ma'auni sananne, ba abin da kowace hukuma za ta zauna ta ƙirƙiro ba ne. Ƙungiyar W3C, wadda take tsara ƙa'idojin gina shafukan intanet a duniya, ta fitar da jagorar da ake kira WCAG. Ta farko ta fito a 1999, ta biyu a watan Disambar 2008, aka sabunta ta a 2018, aka ƙara sabunta ta a watan Oktoban 2023. Jagorar ta tsaya a kan cewa mutum ya iya riskar abin da ke shafin ta ido ko kunne ko taɓawa, ya iya sarrafa shi da kowace irin na'ura yake amfani da ita, ya iya fahimtarsa, kuma ginin shafin ya zama ingantacce yadda manhajojin taimako za su iya karanta shi. Tana da mataki uku, A da AA da AAA, kuma matakin tsakiya ne gwamnatoci suka fi ɗauka a matsayin wajibi.

Amfanin jagorar shi ne yawancin sharuɗɗanta ana iya gwada su a ce an cika ko ba a cika ba. Bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bangonsa kada ya gaza ninki 4.5. A iya ninka girman rubutu sau biyu ba tare da wani abu ya ɓace ba. Duk abin da ake yi da linzami a iya yin sa da madannai. Kada wani abu ya yi walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa ɗaya. Idan an ƙayyade lokaci, a ba mutum damar ƙara shi. Wannan ya sa hukuma za ta iya rubuta sharuɗɗan a takardar kwangila, mai bincike kuma ya zo ya tabbatar.

Kada a ɗauka ƙasashe masu tasowa ne kawai suke faɗuwa wannan gwaji. Cibiyar WebAIM da ke jihar Utah a Amurka tana gwada shafin farko na manyan shafukan duniya miliyan ɗaya kowace shekara tun 2019, kuma a kowane zagaye kimanin kashi 95 cikin 100 ko sama da haka suna fitowa da kuskuren da na'ura take iya ganowa. Kurakuran da suka fi yawa su ne dai waɗanda aka ambata: rubutu mai dishi-dishi, hoto babu bayani, gurbin fom babu suna, maɓalli babu suna. Bambancin kawai shi ne idan shafin wani kanti ya gagare ka sai ka tafi wani kantin, amma hukumar da take ba da fasfo guda ɗaya ce.

Abin da doka ta tanada a Najeriya

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2010. Sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci intanet ƙarara a cikin abubuwan da ya wajaba ƙasashe su sauƙaƙa wa masu naƙasa, har ya ja hankali cewa a yi hakan tun a farkon ƙira domin kuɗinsa ya zo da sauƙi. Bayan shekaru ana kai ruwa rana a majalisa, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa a watan Janairun 2019. Dokar ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyu ga mutumin da ya nuna wariya, da tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani ko hukuma, ta kuma ba wanda aka zalunta damar shigar da ƙarar neman haƙƙinsa. Ita ce ta samar da hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa, wadda aka kafa a 2020.

Dokar ta fi mayar da hankali a kan gine-gine, hanyoyi da sufuri, inda ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara su, wa'adin da ya cika a watan Janairun 2024. Ita kanta ba ta ambaci wani ma'aunin fasaha da za a gwada shafin intanet da shi ba. Sai dai ta umarci ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu naƙasa, kuma a nan ne, a ganina, maganar shafukan intanet take shiga tsakiyar dokar ko da ba a kira sunanta ba. Hukumar da ta ce ta ware guraben, sannan ta sa hanyar neman su ta zama fom ɗin da makaho ba zai iya cikewa ba, ta ba da abu da hannun dama ta karɓe da na hagu.

A ɓangaren fasaha akwai hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, wadda ta fitar da ƙa'idojin gina shafukan gwamnati, kuma ita take tantance ayyukan fasahar sadarwa na ma'aikatun tarayya kafin a aiwatar da su. Jihohi kuma kowace da tata dokar da nata shafukan. Legas ta yi tata dokar tun 2011, wasu jihohin suka biyo baya. Wannan rarrabuwa tana da muhimmanci ga talaka, domin neman tallafin karatu na jiha, ɗaukar malaman makaranta da biyan harajin fili duka a hannun jiha suke.

Hujjar “ai sai ya je kafe”

Amsar da aka fi ji daga masu ganin batun bai kai ya kawo ba ita ce: ko masu gani ma ai kafe suke zuwa a cike musu fom, to me zai hana makaho ya je, ko ya sa ɗansa ya taimaka masa? Hujjar tana da ɗan ƙarfi, domin gaskiya ne cewa taimakon juna yana cikin rayuwarmu, kuma mutane da yawa ba sa cike fom da kansu. Amma mai gani da ya je kafe yana tsaye yana kallon allo, yana ganin an rubuta sunansa daidai, yana ganin nawa aka cire a asusunsa. Makaho kuwa sai ya faɗi lambar NIN da BVN da lambar sirrinsa da ƙarfi a gaban baƙi, ya yarda da abin da aka ce masa an rubuta. Harafi ɗaya da aka kuskure a suna yakan jawo watanni ana zirga-zirgar gyara. Ƙasar da ta yi dokar kare bayanan sirri a 2023 bai dace ta bar wani rukuni na 'yan ƙasa ba su da hanyar samun hidima sai sun miƙa sirrinsu ga wani ba. Ga kuɗin mota na mutum biyu, shi da ɗan jagora, ga kuɗin kafe, ga kuma mai keken guragu da zai iske kafen a saman bene.

An taɓa gwada wannan hujja a kotu a ƙasar Kanada. Wata makauniya mai suna Donna Jodhan ta kai gwamnatin tarayyar ƙasar ƙara saboda ta kasa neman aikin gwamnati da cike takardar ƙidayar jama'a ta intanet da kanta. Gwamnati ta kare kanta da cewa akwai wasu hanyoyin, kamar kiran waya, aika wasiƙa ko zuwa ofis. A watan Nuwamban 2010 kotun tarayya ta ƙi wannan hujja, ta yanke cewa tilasta wa makaho dogaro da mai gani a abin da sauran jama'a suke yi da kansu tauye haƙƙin daidaito ne, ta ba gwamnati wata 15 ta gyara shafukanta. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da jigon hukuncin a 2012. Shekara goma kafin hukuncin farko, wani makaho a Ostareliya mai suna Bruce Maguire ya yi nasara a kan masu shirya wasannin Olamfik na Sydney na 2000 saboda shafinsu, aka ba shi diyyar dalar Ostareliya 20,000.

Daga irin waɗannan shari'o'i ne dokokin yau suka tsiro. Tarayyar Turai ta wajabta wa hukumomin gwamnati gyara shafukansu da manhajojinsu na waya a 2016. Birtaniya ta yi nata ƙa'idojin a 2018, inda kowace hukuma dole ta wallafa bayani a shafinta da ke faɗin abin da bai gyaru ba tukuna da inda za a kai kuka. A watan Afrilun 2024 ma'aikatar shari'ar Amurka ta fitar da ƙa'idar da ta ɗora wa jihohi da ƙananan hukumomi bin matakin AA na WCAG.

Inda gizo yake saƙa

Babu jami'in da yake zama ya ƙudurta hana makaho shiga shafi. Matsalar tana farawa ne daga takardar kwangila. Hukuma ta ba ɗan kwangila aikin gina shafi, ta lissafa masa launi da tambari da hoton shugaba da ranar ƙaddamarwa, ba ta ambaci masu buƙata ta musamman ba. Shi kuma ya ɗauko wani shiryayyen tsari ya canza masa fenti. Ranar karɓar aiki a haska shafin a babban allo, kowa ya ga ya yi kyau, a biya kuɗi. A cikin masu karɓar aikin babu wanda ya gwada shi da manhajar karanta allo, domin babu mai amfani da ita a ɗakin.

Bayan ɗan kwangila ya tafi, sai shafin ya koma hannun ma'aikacin sashen yaɗa labarai wanda ba a taɓa koya masa cewa hoto yana buƙatar bayani ba, ko cewa ya ɗora ainihin rubutun sanarwa tare da hoton mai hatimi. Saboda haka ko shafin da aka gina da kyau yakan lalace cikin 'yan watanni. Su kansu matasan da suke koyon gina shafuka da yawansu suna gama koyo ba su taɓa kunna TalkBack a wayar da ke aljihunsu ba. Masu fama da matsalar kuma ba su cika kai kuka ba, saboda hanyar kai kukan tana cikin shafin da ya gagare su, sai hukuma ta ɗauki shirun a matsayin shaidar cewa komai lafiya.

Batun kuɗi da gajerun hanyoyi

Masu riƙe da kasafin kuɗi sukan ce ga asibiti babu magani, ga makaranta babu kujeru, ina kuɗin gyaran shafi? Tambayar tana bisa hanya, amma tana haɗa abu biyu. Gyara tsohon shafi mai ɗaruruwan takardu da aka ɗora a matsayin hoto aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, kamar yadda fasa matakalar ginin da aka gama domin a yi wa keken guragu hanya ya fi tsada a kan a zana hanyar tun a taswira. Sabon shafi kuwa, ba wa maɓalli suna da zaɓen launi mai fitowa ba sa ƙara wani kuɗin a zo a gani. Ga tsofaffin shafuka, hanyar da ta dace ita ce a fara da abin da jama'a suka fi buƙata, wato fom ɗin neman aiki, na biyan kuɗi da na kai ƙorafi, a bar tsofaffin rahotanni zuwa baya.

Akwai gajerun hanyoyi biyu da ya kamata hukumomi su yi hattara da su. Ta farko ita ce gina wani shafi na daban “na naƙasassu”. Irin wannan shafi shi ake fara mantawa da shi, sanarwa ta fito a babban shafi ba ta iso shi ba. Ta biyu ita ce ɗan tambarin nan da wasu kamfanoni suke sayarwa a maƙala a gefen shafi, da alƙawarin cewa zai gyara komai da kansa. Makafi da dama sun koka cewa yana ƙara rikita musu manhajarsu, kuma a watan Janairun 2025 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sanar da cewa kamfanin accessiBe, mai sayar da irin wannan tambari, zai biya dala miliyan ɗaya saboda zuzuta abin da manhajarsa take iya yi. Na'urorin gwaji ma suna da iyaka: za su gane cewa hoto yana da bayani, amma ba za su gane cewa bayanin shirme ne ba.

Harshe, wanda jagorar waje ba za ta warware mana ba

Ko an cika duk sharuɗɗan WCAG, akwai sauran aiki a ƙasar da yawancin shafukan gwamnatinta da Turanci suke. Makaho a Kano ko Sakkwato da ya yi karatun allo da na islamiyya amma bai yi boko mai zurfi ba, manhajar za ta karanta masa shafin sarai, shi kuma ba zai gane ba. Idan aka fassara shafin zuwa Hausa kuma, dole magini ya shaida wa kwamfuta cewa wannan rubutu Hausa ne, in ba haka ba manhajar za ta furta shi da lafazin Turanci ya koma surutu. Muryoyin na'ura masu karanta Hausa ba su kai na Turanci yawa da inganci ba, don haka ga muhimmiyar sanarwa, ɗora muryar mutum yana karanta ta da Hausa a gefen rubutun abu ne mai araha da zai amfani makaho da wanda bai iya karatu ba baki ɗaya.

Ga kurame ma lamarin ya wuce sa rubutu a ƙasan bidiyo. Wanda aka haifa kurma harshensa na farko na hannu ne, rubutaccen Turanci baƙon harshe ne a gare shi. A makarantu ana koyar da harshen hannu na Najeriya, wanda ya samo asali daga na Amurka, amma kurame da yawa a ƙasar Hausa da maganar hannu ta gargajiya suka tashi. Jihar da take son saƙonta ya isa gare su sai ta tambayi ƙungiyoyinsu wanne suka fi ganewa, ta kuma rubuta bayananta da gajerun jimloli marasa ƙumbiya-ƙumbiya.

Abin da zai sa gyaran ya tabbata

Darasin da ke cikin dokokin ƙasashen da suka yi nisa shi ne ƙa'ida ba ta aiki sai ta faɗi matakin da ake so, ranar da za a cika shi, wanda zai bincika, da abin da zai biyo baya idan an gaza. A Najeriya wurin da ya fi sauƙin kama wannan shi ne wurin fitar kuɗi. Amurka ta bi wannan hanya tun 1998, lokacin da ta gyara dokarta ta wajabta wa hukumomin tarayya cewa fasahar da za su saya ko su gina ta zama wadda masu naƙasa za su iya amfani da ita, abin da ya tilasta wa kamfanoni gyara kayansu domin kada su rasa ciniki. Tunda NITDA tana tantance ayyukan fasaha, hukumar BPP kuma tana sa ido a kan kwangiloli, sharaɗi ɗaya a takardar kwangila zai yi tasirin da taron wayar da kai ɗari ba zai yi ba.

Hukumomin ƙasar nan sun nuna suna iyawa idan sun sa kansu. JAMB ta kafa kwamiti na musamman tun 2017 da yake shirya wa makafi jarrabawa, dokar zaɓe ta 2022 kuma ta tanadi kayan taimako irin su rubutun makafi da rubutu mai manyan haruffa a rumfunan zaɓe. Masu gwajin ma ba sai an nemo su daga waje ba: haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu naƙasa ta ƙasa, JONAPWD, da ƙungiyar makafi ta ƙasa suna da mambobi masu digiri da suke aiki da waɗannan manhajoji kullum, kuma aikin gwaji sana'a ce da ya kamata a biya su a kanta. Sharaɗin da ya kamata a rubuta shi ne kada a biya ɗan kwangila kason ƙarshe na kuɗinsa sai makaho mai amfani da TalkBack a ƙaramar wayar Android, da mai amfani da madannai kaɗai, da kurma, kowannensu ya cike fom ɗin daga farko har ya karɓi shaidar aikawa ba tare da wani ya taɓa masa na'urar ba, sannan a maimaita gwajin duk lokacin da aka yi wa shafin babban sauyi.